Inda Aka Fasa Katangar

Kawaji, Kano
19 ga Agusta

Gwaggo Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da ke da Mairo mai kula da ke da duk mutanen gida a Haɗejiya. Yaya ƙafa, yaya kunnen? Na san waya ba ta yi miki amfani tun da jinki ya yi nauyi, shi ya sa na ba direban tashar 'Yankaba wannan takarda. Ni ne Badaruddeen, ɗan Malam Idi mai lambu, wanda kika taɓa cewa bakinsa ya girme shi. Mu nan lafiya, in lafiyar jiki kaɗai ake tambaya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba zumunci ne ya sa na tuna da ke ba. Kakanku ɗaya da Baba, kuma duk danginmu ke kaɗai ce kika yi aikin kotu, shekara talatin kina rajistara. Ƙara nake so in kai.

Shekara ashirin da shida Baba yana yi wa Alhaji Habibu aikin lambu a Nassarawa GRA. Bayan gidan akwai ɗan fili tsakanin katanga da babbar magudanar ruwa, Alhaji ya bar masa yana renon dashe yana sayarwa: mangwaro mai aure, gwaiba, lemo, fulawoyi, duk a leda, jere-jere. Da wannan filin aka yi mana komai, ba da albashi ba. Maƙwabcin Alhaji Habibu shi ne Alhaji Jamilu. Katangarsa ta gefe doguwa ce, ta gaba tana jingine da ciyawar Alhaji Habibu, ta baya tana jingine da lambun Baba.

Ranar Juma'a aka sauko masallaci ruwa ya kece har bayan la'asar. Gidan Alhaji Jamilu a kwari yake, ya cika kamar kwano. Sai ya sa direbansa Gregory da masu gadi suka ɗauki diga suka fasa katanga, ta baya, saitin lambunmu. Ni ina unguwar Gama da adaidaita sahu ruwa ya tare ni. Ko da na iso, na tarar da Baba a cikin taɓo har gwiwa yana tsintar leda, ba ƙasa a ciki, ba shuka. Aikin shekara uku ya bi magudana. Abin da ya tsira sai uwayen mangwaro guda bakwai da yake yankar reshe a jikinsu in zai yi aure.

Washegari Alhaji Jamilu ya aiko da kwalin taliya da "sannu". Taliya, Gwaggo! Baba ya karɓa da hannu biyu har da godiya. Ni ban ci ba, kuma ba zan ci ba.

Ban wuce sakandare ba, amma ina karatu. Akwai wani littafin shari'a na Turanci, ba bango, da na ƙwato a wurin mai ƙosai kafin ta gama yage shi. Daga gidan wani tsohon alƙali aka zubar da shi. Na bi shi da ƙamus layi-layi. Ya ce mutum yana iya yin shinge ya kare gidansa daga ruwan da ke tahowa, amma in ruwan ya riga ya taru a gidanka, ba ka da ikon buɗe masa hanya ka juye wa maƙwabci. To wannan ba shi ne abin da aka yi mana ba? Ki faɗa min kotun da zan je da takardar da zan cika. Baba ba ya cewa komai sai "Allah ne ya kawo." Allah ya kawo ruwa, na yarda. Digar fa?

Ɗanki,
Badaruddeen


Haɗejiya
26 ga Agusta

Badaru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, na karanta sau biyu, na ga bakin yana nan yadda na bar shi. Muna lafiya, sai idona da yake ta hazo. Ka yi wa Yaya Idi jaje, Allah ya mayar da alheri. Na san abin da lambun nan yake a wurinsa.

Littafinka bai yi ƙarya ba, amma ka tsaya a rabin hanya. Filin ba na babanka ba ne, shukar kuwa tasa ce, saboda haka yana da bakin magana. Sai dai in ka kai ƙara, lauyan Alhaji Jamilu ba zai musa fasa katanga ba. Zai miƙe ya ce larura ce. Wannan kariya ce da shari'a ta sani: mutum ya yi ƙaramar ɓarna don ya tare babba. Na ga an sallami wanda ya ɓalle ƙofar shagon wani don ya kashe gobara, mai shagon yana ta kumfar baki, alƙali ya ce da an tsaya neman mukulli da layin duka ya ƙone.

Amma ba duk wanda ya furta larura ake sallama ba. Alƙali zai tambayi abu uku, ni ma su nake tambayarka. Haɗarin na gaske ne, kuma ya iso, ko tsoro ne kawai? Me ake ceto, kujeru da kafet ko rai? In dukiya ce aka ceta da dukiyar wani, maganar littafinka tana da ƙarfi. In rai ne, ta yi rauni ƙwarai, domin ba alƙalin da zai ɗora gwaiba a sikeli ɗaya da mutum. Na uku, akwai wata hanyar da ɓarnarta ba ta kai wannan ba, aka ƙi bi?

Ka nemo min amsa da idonka da ƙafarka, ba da bakinka ba. Kuma ka ji ni da kyau: kada ka je ofishin kowa, kada ka kai takarda ko'ina, sai na rubuto maka. Babanka a layin nan yake cin abinci. Masu gidajen nan ko ba sa ga maciji da juna, a kan mai lambu bakinsu ɗaya ne. Kalma ɗaya taka za ta iya raba shi da aikin ma.

Taliyar kuwa ka ci. Ba ta hana ƙara.

Gwaggonka,
Sa'adatu


Kawaji, Kano
4 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan idon ya yi sauƙi. A gaida Mairo. Baba yana tari tun ranar ruwan, amma yana fita aiki.

Ga amsarki. Rai akwai: mahaifiyar Alhaji Jamilu, Hajiya Babba, tana kwance a ɗakin ƙasa, ƙugunta a karye, an ce likita ya hana a ɗaga ta, ruwa kuma ya kai ƙafar gado. Na so in musa, na kasa. To na ba su wannan.

Amma ta ukun tawa ce. Na je na duba gangaren da kaina, na zuba ruwa a bokiti na ga inda ya bi. Da ta gaba suka fasa, ruwan zai bi ta kan ciyawar Alhaji Habibu, ya fita ta get, ya faɗa kwalbatin titi. Hanyar ma ta fi kusa. Ciyawa ce kawai za ta sha taɓo. Amma ciyawar mai kuɗi ce, lambun kuwa na wanda in an zalunce shi godiya yake yi. Sun duba, sun zaɓa.

Ki bar wannan tukuna, ga sabuwa. Jiya Talata da hantsi katafila ta shigo layin, da mutanen wata hukuma, wai za a faɗaɗa magudana saboda ambaliya. Ba sanarwa, ba takarda, ba wanda ya ce mana uffan. Sun shafa jan fenti taku uku daga bakin magudana. Uwayen mangwaronmu suna taku goma sha ɗaya, ni na auna. Amma direban yana neman wurin juyawa, sai ya ja da baya ya bi ta kansu. Bakwai ɗin duka. Ɗaya daga ciki Baba ya samo reshenta ne tun kafin a haife ni, ba irinta a duk Nassarawa.

Na tare babbansu, wani mai hular kwano da biro uku a aljihu. Na ce, "Malam, ga fentinku can, ga bishiya nan, wa ya aike ku nan?" Ya ɗaga wata takarda sama kamar laya ya ce, "Doka ce ta ba mu iko, je ka kai ƙarar doka." Na ce, "Dokar ce ta koya wa direbanku ribas?" Sai Baba ya riƙe min riga ta baya a gaban mutane, kamar ɗan shekara biyar.

Wallahi ƙafata ta so ta kai ni ofishinsu. Na tuna kin ce kada in je ko'ina sai kin rubuto. Tun da nake ban taɓa jin maganar babba ba sai wannan karon. Littafina ya ce irin wannan ƙarar tana da shekara shida kafin lokacinta ya wuce, saboda haka ba abin da zai ɓaci. Ina jiran ki.

Badaruddeen


Kawaji, Kano
21 ga Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Tarin Baba ya tafi, ramar ce ba ta tafi ba.

Sati bakwai ke nan. Direban tasha ya rantse min a hannun Mairo ya sa takardar. Na kira lambarta, a kashe. In kin ga maganar ta fi ƙarfinki, ki ce ta fi ƙarfinki. In kuma tunda hukuma ta shigo ciki kika ja baya, ke ma mai cin fansho, ki faɗa, ba zan ji haushi fiye da wanda nake ji ba. Na lura duk wanda ya taɓa zama a kujerar gwamnati, ko ya sauka kujerar ba ta sauka daga bayansa.

Filin yanzu fayau yake, masu wankin mota sun fara ajiye bokitinsu a wurin. Baba yana wucewa ta nan kullum da safe, yana amsa musu gaisuwa.

Har yanzu ban je ko'ina ba. Ban san ko biyayya ce ko wauta ba.

Badaruddeen


Haɗejiya
9 ga Disamba

Badaru,

Wa alaikumus salam. Yau ne karo na farko da na riƙe biro tun watan Agusta. Kwana biyar bayan na rubuto maka aka yi min aikin yanar ido, na hagu ya ƙi warkewa, aka sake. Likita ya hana karatu, Mairo kuwa ta ɗauki maganarsa kamar wahayi. Takardunka biyu ta sa su a ƙasan akwati, tana ganin gaisuwa ce. Wayarta kuma ta lalace tun damina. Jiya ta fito min da su. Na yi mata faɗa, amma laifin ba nata ba ne. Ni na ce ka jira, ban kuma bar maka wata ƙofa ba.

Zagin kujera na karɓa. Ga abin da ya fi zagi ciwo.

Mai hular kwano ya faɗi rabin gaskiya. In doka ta ɗora wa hukuma aiki, ɓarnar da ba makawa sai an yi ta wajen aikin ba a ƙararta. Da bishiyoyin suna cikin jan fenti, da sai in ce ka haƙura. Amma doka ba ta ba kowa ikon sakaci ba. Ta ce a faɗaɗa magudana, ba ta ce a taka abin da ke taku takwas bayan alama don direba ya ji daɗin juyawa ba. Wannan ikon laima ce mai iyaka, su kuma sun fita daga ƙarƙashinta. Ƙararka a kansu ta fi ta Alhaji Jamilu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai dai littafinka na wata ƙasa ne, kuma tsoho ne. A nan akwai dokar da ke kare ma'aikatan gwamnati: in a bakin aikinsu suka yi maka ɓarna, wata uku gare ka ka shigar da ƙara. Ba shekara shida ba. Katafila ta zo uku ga Satumba. Ka ƙirga da kanka. Kwana shida suka wuce mu. Akwai 'yan ƙananan ƙofofi da lauyoyi kan gwada, kamar a nuna mugun nufi aka yi, amma direban da ya yi ribas ba mugun nufi ba ne, ganganci ne. Na ga irin waɗannan ƙararraki da yawa, lauyan gwamnati ba ya ma buɗe baki a kan bishiya, kwanan wata kawai yake karantawa ya zauna.

Da na san katafila na tafe, da ban rubuta wancan layin ba. Ka yafe min.

Saura Alhaji Jamilu, shi wata ukun nan bai shafe shi ba. Maganar hanyar gaba tana da kyau. In ta tabbata sun san da ita suka ƙi, larurarsu ta samu tsaga, domin ceton rai bai ba mutum damar zaɓar ɓarna mafi girma ba. Amma bokitinka ba shaida ba ne. Kana buƙatar wanda yake wurin lokacin da aka yanke shawarar inda za a sa diga. Ka nemi direban nan Gregory. Sannan ka zaunar da babanka ka tambaye shi abin da ya gani, don shi zai tsaya a gaban alƙali, ba kai ba. Wannan karon kada ka jira ni.

Gwaggonka,
Sa'adatu


Kawaji, Kano
15 ga Disamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce wa Mairo ba na riƙe da ita. Abin da na rubuta a kan kujera, ki ɗauka ban rubuta ba. Maganar kwana shida kuwa ban yafe ba tukuna, ban kuma san wa zan ƙi yafe wa ba, ke, ko ni, ko mai ƙosai.

Na sami Gregory ranar Alhamis da safe yana goge mota a bakin get. Mutumin Wusasa ne, shekara goma sha biyar suna cin abincin rana a inuwa ɗaya da Baba. Na ce, "Oga Gregory, tambaya ɗaya. Ranar ruwa, kun san akwai hanya ta gaba?"

Ya ce, "Mun sani."

Na ce, "Za ka faɗa a kotu?"

Ya matse tsumma ya daɗe yana matsewa. Ya ce, "Badaru, in an rantsar da ni zan faɗa, amma duka zan faɗa, ba rabi ba. Babanka bai gaya maka ba?"

"Me zai gaya min?"

"Mun tsaya da diga, ruwa a cinya, Alhaji yana ihu, Hajiya tana salati a ɗaki. Ba wanda ya san gangaren gidajen nan kamar babanka. Ni na hau katanga na ƙwala masa kira. Na ce Malam Idi, ta gaba ko ta baya? Alhaji Jamilu da kansa ya ce a fasa ta gaba, in Habibu ya dawo daga Abuja shi zai ji da shi. Babanka ya tsaya yana kallon ciyawar nan. Sai ya ce a'a, ku zo ta baya. Shi ya ɗora hannu a kan bulon da za mu fara sara. Na ce Malam Idi, lambunka fa? Ya ce ku yi sauri, akwai mara lafiya."

Na ce masa ƙarya yake, Alhaji ne ya saye shi. Bai ko yi fushi ba. Ya ce, "Je ka tambaye shi. Ni tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba."

Na shiga gidan Alhaji Habibu, abin da tun ranar taliya na rantse ba zan sake ba. Na tarar da Baba a durƙushe yana cire geza a gefen ciyawa. Na ce, "Baba, kai ka nuna musu?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ne."

"Don me?"

"Mai gidan ba ya nan. A hannuna ya bar wurin. Ta yaya zan nuna abin wani in ce a fasa?"

Na ce, "Ciyawa ce, Baba! Sati biyu ta miƙe!"

Ya ce, "Na sani. Ai ni na shuka ta."

Na ce to Alhaji Habibu ya san abin da ka yi masa? Ya ce bai sani ba. Na ce ka faɗa masa mana. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, kamar na ce ya je kasuwa ba wando. Ya ce, "In faɗa masa in ce me?"

Shi ke nan, Gwaggo. Ba sai kin ɓata idonki kin yi min bayani ba, wannan shafin na karanta shi da kaina: wanda ya ce a yi, ba ya dawowa ya yi ƙarar an yi. Wata huɗu ina zagin Alhaji Jamilu a kan zaɓin da ba shi ya yi ba. Hukuma ta tsira da kwanan wata, maƙwabci ya tsira da larura, ita kuma hanyar da na dogara da ita ubana ne ya toshe ta da hannunsa. Da na kai shi kotu, da wani lauya mai baƙar riga ya sa shi ya maimaita wannan a gaban jama'a, ana kallon sa kamar wawa. Ba zan kai shi ba. Ba wawa ba ne. Na rasa sunan da zan ba abin, shi ya fi ƙona min rai. Duk littafin nan, shafi ɗari shida, an tanadi kariya ga mai diga, an tanadi kariya ga mai katafila, ban ga layi ɗaya da aka rubuta domin mutumin da aka tambaya ya nuna nasa ba.

Na ce masa zan rubuto miki. Ya ce in gaishe ki, in yi miki sannu da ido. Ya kuma ce in roƙe ki, in mangwaro ya faɗo a wajenku, ki sa a tara masa ƙwallo, na gargajiya, wai saiwarsa ta fi ƙarfi in za a yi aure. Shekararsa sittin da huɗu. Ba shi da fili, ba shi da uwar da zai yanki reshe, ban san inda zai jera ledojin ba, na tambaye shi ya ce a tara tukuna.

Ki sa a tara. Ni zan zo in ɗauka.

Ɗanki,
Badaruddeen